Yadda Ake Auna Narkewar Ciyawar Kiwo a Ɗakin Gwaji

Narkewar ciyawa na nufin kason da dabba ta ci bai fito cikin kashinta ba. Idan tunkiya ta ci busasshiyar ciyawa kilo 1, ta yi kashin da ya kai giram 400 bayan an busar da shi, to narkewar ciyawar kashi 60 ne cikin 100. Auna wannan a jikin dabba ita ce hanyar asali, kuma da ita ake gwada ingancin sauran hanyoyin. Sai dai tana da tsada da cin lokaci: a tsare tumaki a keji na musamman, su yi kwana 10 zuwa 14 suna sabawa da ciyawar, sannan a yi kusan mako guda ana tara kashinsu ana aunawa. Mai samfurin ciyawa ɗari a gabansa ba zai iya wannan ba. Shi ya sa aka fito da hanyoyin ɗakin gwaji, waɗanda ke kwaikwayon aikin tumbi da 'yan giram kaɗan na ciyawa. Dukkansu ƙiyasi suke bayarwa, kuma ƙiyasin ba shi da daraja sai an jingina shi da ciyawar da aka riga aka san narkewarta a jikin dabba.

Ɗebo samfuri da shirya shi

Yawancin sakamakon da ke karkacewa, tun daga fili yake karkacewa. Dabba ba ta cin ciyawa daga tushe. Tana zaɓen ganye da tofo, ta bar kara. Idan an yanke ciyawar da lauje har ƙasa, abin da aka auna shi ne narkewar abin da ke tsaye a fili, wanda kan yi ƙasa da abin da dabbar ke haɗiya. Don haka a fara yanke shawara kan tambayar. In abin da dabba ke ci ake son sani, a tsinka da hannu a tsayin da ake ganin dabbobin suna cizga, daga wurare 20 zuwa 30 a faɗin makiyayar, a haɗa su wuri ɗaya. In amfanin gonar ciyawa ake son kwatantawa, a yanke duka a tsayi ɗaya, kamar santimita 5 daga ƙasa, kuma a rubuta tsayin.

Ciyawar da aka yanke ba ta mutu nan take ba. Tana ci gaba da numfashi tana ƙone sukarinta, wanda shi ne ɓangaren da ya fi saurin narkewa. A sa ta cikin sanyi, a kai ta tanda ba tare da ɓata lokaci ba. A busar a zafin digiri 55 zuwa 60 na Selshiyos, cikin tanda mai fanka, na awa 48 ko har nauyin ya daina raguwa. Kada a ƙara wuta don a yi sauri: zafi mai yawa yana sa furotin ya haɗe da sukari, su zama wani abu mai launin ƙasa wanda ba ya narkewa, kuma a gwajin harza yakan fito kamar liginin ne, wato sinadarin da ke sa kara tauri. Digiri 105 na wani ɗan kaso ne daban, giram 2 ko makamancinsa, da ake busarwa dare ɗaya don a san ainihin busasshen nauyin samfurin.

A niƙa ta wuce rariya mai ido milimita 1, a niƙe duka har abin da ya maƙale a cikin injin, domin kara shi ke tsayawa a baya, ganye ya riga shi fita. A gauraya sosai, a rufe a kwalba. A kuma ƙone wani kaso a digiri 550 don sanin tokarsa. Ciyawar da ruwan sama ya fantsama wa ƙasa tana da toka mai yawa, kuma yashi ba ya narkewa, saboda haka ya fi aminci a ba da sakamako a kan ɓangaren da ba toka ba.

Hanyar Tilley da Terry

Wannan ita ce hanyar da Tilley da Terry suka wallafa a 1963 daga cibiyar binciken ciyawa ta Hurley a Ingila, kuma har yau da ita ake auna sababbin hanyoyi. Mataki biyu ne: awa 48 cikin ruwan tumbi, inda ƙananan halittu (ƙwayoyin tumbi) ke narkar da ciyawa, sannan awa 48 cikin asid da sinadarin fefsin, wanda ke kwaikwayon cikin dabba na huɗu.

Da farko a haɗa yawun roba, wato ruwan da ke kwaikwayon yawun dabba, bisa haɗin McDougall na 1948. A cikin lita ɗaya ta tataccen ruwa a narkar da giram 9.8 na NaHCO3, giram 9.3 na Na2HPO4·12H2O, giram 0.57 na KCl, giram 0.47 na NaCl, giram 0.12 na MgSO4·7H2O, sai giram 0.04 na CaCl2. Wannan na ƙarshen a zuba shi daga baya, bayan sauran sun narke, in ba haka ba ruwan zai yi gajimare. A duba kwalbar fosfet ɗin da kyau: idan wanda ba shi da ruwa a jikinsa ne, giram 3.7 ake bukata, ba 9.3 ba. A ɗumama haɗin zuwa digiri 39, a riƙa busa masa iskar kabon dayoksaid har pH ɗinsa, wato ma'aunin tsaminsa, ya sauko zuwa wajen 6.8 ko 6.9.

Tun jajiberin ranar a auna giram 0.5 na kowane samfuri cikin bututun gwaji mai cin mililita 100, sau biyu ko sau uku. A ajiye bututu uku fanko, waɗanda za a zuba musu komai ban da ciyawa. A kuma sa aƙalla ciyawa biyu na ma'auni, ɗaya mai narkewa sosai, ɗaya mai tauri, waɗanda aka san narkewarsu a jikin dabba. Duk a bar su cikin ɗumi su kwana, domin zuba ruwan tumbi a gilashi mai sanyi yana dagula ƙananan halittun da ke cikinsa.

Ruwan tumbi shi ne ran aikin. Ana samunsa daga sa ko tunkiya da likitan dabbobi ya yi wa ƙofar roba a kwiɓin hagu, ko ta tiyo da ake zurawa ta baki, ko daga tumbin dabbar da aka yanka yanzun nan. Na tiyo yakan gauraya da yawu, don haka a zubar da kason farko. Na mahauta yana aiki, amma ba a san abin da dabbar ta ci ba, sai a haɗa na dabbobi da yawa. Abin da ya fi shi ne dabbobi biyu ko uku da suka yi aƙalla mako biyu a kan abinci iri ɗaya wanda yawancinsa ciyawa ce, a ɗiba a lokaci ɗaya kullum, galibi kafin abincin safe. Dabbar da aka cika ta da hatsi tumbinta ya yi tsami, ƙwayoyin da ke cin harza sun ragu, ruwanta zai ba ciyawa maki ƙasa da haƙƙinta.

A cika filas da ruwan ɗumi, a zubar da shi daidai lokacin ɗiba, a cika filas ɗin da ruwan tumbi har baki don kada iska ta samu wuri. A ɗebo har da dusar ciyawar da ke cikin tumbin, a matse ta, saboda ƙwayoyin da ke narkar da harza a jikin dusar suke manne, ba a cikin ruwa suke yawo ba. A ɗakin gwaji a tace da ƙyalle mai laushi ninki huɗu, ana busa kabon dayoksaid a kai. Tsakanin ɗiba da zubawa a bututu kada ya wuce kamar rabin awa. Ruwa mai kyau pH ɗinsa na tsakanin 6.2 da 7, kuma ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai nuna ƙananan halittu suna kai da kawo. In an ga sun kwanta shiru, sanyi ko iska ta taɓa ruwan, gara a fasa gwajin ranar da a yi kwana huɗu ana jiran lambobin banza.

A zuba mililita 40 na yawun roba da mililita 10 na ruwan tumbi a kowane bututu. Ya fi sauƙi a haɗa su tun farko kashi huɗu da ɗaya, ana motsawa ba tsayawa, a riƙa ɗiban 50. Motsawar ba ado ba ce: in aka bari ya kwanta, bututun farko zai samu tsararo, na ƙarshe ya samu kauri. A busa kabon dayoksaid cikin kowane bututu na 'yan daƙiƙu, a toshe da murfin roba mai ɗan bawul da ke barin iska ta fita ba ta shiga ba. A sa a digiri 39, a cikin duhu, na awa 48. A riƙa jujjuya bututun a hankali sau biyu ko uku a rana, domin kumfar iska kan ɗaga garin ciyawa sama ya manne a bango ya bushe, kuma abin da ya bar ruwa ya tsere wa narkewa.

Bayan awa 48 sai mataki na biyu. A juya bututun a na'urar santirifuj, mai juyawa da ƙarfi don gari ya kwanta ƙasa, na minti 15, a tsiyaye ruwan sama a hankali, a zuba mililita 50 na ruwan fefsin: giram 2 na fefsin a cikin lita ɗaya ta asid HCl mai ƙarfin 0.1 N, wanda aka haɗa a ranar. A mayar cikin ɗumi na wata awa 48. Aikin fefsin shi ne narkar da ragowar furotin na ciyawa da na jikin ƙwayoyin da suka hayayyafa. Wasu ɗakunan gwaji ba sa juyawa, asid suke zubawa kai tsaye har pH ya sauko ƙasa da 2 sannan su ƙara fefsin. Mai bin wannan hanya ya ɗiga asid ɗin kaɗan-kaɗan, don yawun roba cike yake da baikabonet, zai taso da kumfa ya kwashe samfurin ya zubar. Asalin hanyar ta yi amfani da gishirin makuri wajen tsayar da ƙwayoyin. Guba ce mai wuyar zubarwa, kuma sanya bututun cikin ƙanƙara ko zuba asid yana biyan bukatar.

Daga nan a tace cikin ƙaramin kasko mai tacewa wanda aka riga aka auna, a wanke da ruwan zafi, a busar a digiri 105 dare ɗaya, a huce shi cikin tukunyar hana laima, a auna. Ga misalin lissafi. An auna giram 0.500 na ciyawa mai busasshen nauyi kashi 92, wato giram 0.460. Saura bayan gwaji giram 0.205, na bututun fanko giram 0.021, ragowar gaskiya 0.184 ke nan. A cire 0.184 daga 0.460, a samu 0.276, a raba da 0.460: narkewa kashi 60. In ana son na ɓangaren da ba toka ba, a ƙone sauran a digiri 550 a cire tokar daga kowane ɓangare na lissafin.

Yanzu a duba ciyawar ma'auni. Idan wadda aka sani da 65 ta fito 61, ta biyun ma ta sauka da makamancin haka, ruwan tumbin ranar ne ya yi rauni, sai a gyara dukkan sakamakon da su. In ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, akwai ɓarna a aikin hannu. Bututu biyu na samfuri ɗaya da suka bambanta da fiye da maki biyu ko uku, a sake su. Kuma a maimaita gwajin gaba ɗaya a wata rana da sabon ruwan tumbi, domin bambanci tsakanin rana da rana ya fi na tsakanin bututu da bututu.

Akwai matsala ta musamman da busasshiyar ciyawar da ta tsufa a tsaye, irin gamba bayan ta yi bunu. Furotin ɗinta ya yi ƙasa har ƙwayoyin cikin bututu su rasa naitirojin, su tsaya da aiki tun harzar ba ta ƙare narkewa ba. Ana magance wannan da ƙara ɗan yuriya cikin yawun roba, amma a ƙara wa duka bututun har da na fanko, kuma a faɗa a rahoto.

Goering da Van Soest a 1970 sun sauya mataki na biyu: maimakon fefsin, a tafasa sauran na awa ɗaya cikin ruwan wankin NDF, wanda ke wanke komai ya bar harza kawai. Yana rage kwana biyu, kuma yana wanke jikin ƙwayoyin tas, don haka lambarsa ta fi ta Tilley da Terry girma. Ita ake kira narkewa ta haƙiƙa, waccan kuwa ta zahiri. Kada a jera su a teburi ɗaya kamar abu guda ne. Na'urar Daisy ta kamfanin ANKOM wannan tsarin take bi, sai dai ana ɗaure giram 0.25 na samfuri cikin ƙananan jakunkuna, a zuba kusan 25 a tulu ɗaya mai juyawa. Tana rage wahala ƙwarai, amma garin da ya yi laushi da yawa yana iya sulalewa ta ramukan jakar a ƙirga shi a matsayin wanda ya narke.

Auna iskar da ta fita

Hanyar Menke da abokan aikinsa ta jami'ar Hohenheim a Jamus, ta 1979 da gyaranta na 1988, ba ta auna saura ba, iskar da ƙwayoyin suka fitar take aunawa. A sa miligiram 200 na samfuri can ƙasan sirinjin gilashi mai cin mililita 100, a shafa wa sandar sirinjin man baselin kaɗan, a ɗumama. A zuƙo mililita 30 na haɗin ruwan tumbi kashi ɗaya da yawun roba kashi biyu, a fitar da kumfar iska, a matse tiyon bakin, a rubuta inda sandar ta tsaya. A ajiye a digiri 39, ana girgizawa, a karanta a awa 24. A cire iskar sirinjin fanko, abin da ya rage shi ne Gp. Ga ciyawa, lissafin da aka saba shi ne: narkewa = 14.88 + 0.889 Gp + 0.45 furotin + 0.651 toka, furotin da toka a kashi cikin 100. Ciyawar da ta ba da mililita 40, mai furotin 8 da toka 10, za ta fito wajen 60.6. A kula da ma'aunin da aka rubuta furotin da toka da shi, domin wasu littattafai a giram cikin kilo suke ba da su, kuma can lambobin ninkawar sun ragu sau goma.

Amfanin wannan hanya shi ne tana nuna sauri. Idan an karanta a awa 2, 4, 8, 12, 24, 48, 72 da 96, za a ga ciyawa biyu da ƙarshensu ɗaya amma ɗaya ta riga ɗaya isa, kuma mai saurin ita dabba za ta fi ci da yawa. Abin da ke ɓata ta: sandar da ta maƙale, tiyo mai yoyo, da karanta sirinji bayan ya huce a hannu, don iska tana tsukewa da sanyi. In makiyayar tana da ganyen itatuwa ko dangin wake masu tanin, wato sinadari mai bauri da ke danne narkewa, a yi gwajin sau biyu, ɗaya da sinadarin PEG mai ɗaure tanin, ɗaya babu. Ƙarin iskar da aka samu da PEG shi ne gwargwadon abin da tanin ya danne.

Jaka cikin tumbi

Wannan rabinta a ɗakin gwaji, rabinta a jikin dabba mai ƙofa a kwiɓi. A niƙa samfuri da ɗan gari-gari, milimita 2 zuwa 3, a sa giram 3 zuwa 5 a jakar nailan mai ramuka maikuron 40 zuwa 50, kada a cusa ta, a rataya cikin tumbi a ciro a lokuta daban-daban har awa 96. Jakar awa sifili wankewa kawai ake yi. Lissafin Ørskov da McDonald na 1979 yana bayyana ciyawar da lambobi uku: a, abin da ruwa ke wankewa nan take, b, abin da zai narke a hankali, c, saurin narkewarsa a awa. Narkewar da dabba za ta amfana da ita ita ce a + bc/(c + k), inda k ke nufin saurin ficewar abinci daga tumbi. Ciyawa mai a 20, b 50, c 0.04 za ta ba da 53 idan k 0.02 ne, amma 42 kawai idan k 0.05 ne, kamar a saniyar da ke cin abinci da yawa. Wankin jakunkunan ne wurin da hannu ke bambanta da hannu, don haka a tsayar da tsari ɗaya, misali injin wanki da ruwan sanyi na ƙayyadadden lokaci.

Inda babu ruwan tumbi

Hanyar fefsin da selulas, irin ta Jones da Hayward ta 1975, ba ta bukatar dabba. Ana jiƙa samfurin awa 24 cikin asid da fefsin, sannan awa 48 cikin sinadarin selulas da ake samu daga naman gwari Trichoderma, a pH wajen 4.6 da zafin digiri 40. Sakamakonta ya fi daidaituwa daga rana zuwa rana, amma sinadarin ba ya cin harza kamar yadda ƙwayoyi masu rai ke ci, musamman a ciyawar ƙasashe masu zafi irin ciyawar giwa, saboda haka lambar da ta fito ba narkewa ba ce sai an mayar da ita da lissafin da aka gina daga ciyawa irin wadda ake gwadawa. Duk lokacin da aka buɗe sabuwar kwalbar selulas, a sake gwada ciyawar ma'auni.

Hanya mafi arha ita ce ƙiyasi daga harza. A tafasa samfuri awa ɗaya cikin ruwan wankin asid na Van Soest, giram 20 na sinadarin wanki CTAB a lita ɗaya ta asid H2SO4 mai ƙarfin 1 N, abin da ya rage shi ne ADF, wato harzar selulos da liginin da ɗan siliki. Sanannen lissafin narkewa shi ne 88.9 a cire 0.779 sau ADF. Ciyawa mai ADF 40 za ta ba da 57.7. An gina shi ne a kan ciyawar ƙasashe masu sanyi da alfalfa, kuma ba ya ganin yadda liginin ke ɗaure da harzar, don haka ciyawa biyu masu ADF ɗaya suna iya bambanta sosai a cikin tumbi. Ya isa a jera samfura daga mai kyau zuwa maras kyau a cikin jinsi ɗaya, bai isa a haɗa abincin dabba a kansa ba.

Na'urar NIRS kuwa tana haska garin ciyawa da hasken da ido ba ya gani, tsakanin nanomita 1100 da 2500, ta ba da amsa cikin minti guda. Ba ta narkar da komai. Tana kwatanta hasken da ya dawo da na ɗaruruwan samfuran da aka riga aka gwada da ɗaya daga hanyoyin da ke sama, kuma kuskuren waccan hanyar yana biyo ta. Idan na'urar ta nuna cewa samfuri ya fita daga da'irar waɗanda ta sani, a mayar da shi ga ruwan tumbi. Ko ba ta nuna ba, a riƙa ware kamar ɗaya cikin goma ana gwadawa da hannu, a niƙa su da injin da rariyar da aka yi amfani da su lokacin da aka saita na'urar, domin girman gari da laima suna sauya hasken da take karantawa.